Laifin Wa? Asalin Muhawarar Zaɓi da Tilas, Daga Atina Zuwa Annaba

A birnin Atina na ƙasar Girka, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an yi wani malami mai suna Zeno da yake karantar da almajiransa a wata rumfa mai zane-zane a bakin kasuwa. Karatun nasa shi ne babu abin da ke faruwa a duniya sai da sanadi, kowane sanadi kuma yana da nasa sanadin, haka abin yake a sarƙe daga farko har ƙarshe. Diyojinis Layatiyus, wanda ya tattara tarihin masana falsafa, ya ce wata rana Zeno ya kama bawansa da sata, ya shiga tsala masa bulala. Bawan nan, da alama ya daɗe yana satar jin karatu, sai ya ce ai ƙaddara masa aka yi ya yi satar. Zeno ya ce masa bulalar ma ƙaddara masa ita aka yi.

Mun saba jin makamancin wannan labari a bakin masu wa'azi, game da Sayyidina Umar da wani ɓarawo. Amsar tana da daɗin ji, tana kuma rufe bakin mai gardama nan take. Sai dai bawan bai musa cewa bulala za ta sauka a gadon bayansa ba. Abin da yake tambaya shi ne ko ya cancance ta. Wannan tambaya ita ce uwar abin da yau ake kira 'yancin zaɓi, wato wai a cikin ƙirjin kowane mutum akwai wani iko da zai ɗauki wannan ya bar wancan, ba tare da wani abu ya tunkuɗa shi ba. Da yawanmu mun ɗauka tun fil azal kowa ya san da haka. Masu bin diddigin tsofaffin littattafai sun ce a'a, ra'ayin yana da mafari, sai dai sun saɓa a kan mafarin. Albrecht Dihle, wani Bajamushe, a littafinsa na 1982 ya ce Agustin ne, mutumin ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Michael Frede kuwa, a littafin da aka buga a 2011 bayan rasuwarsa, ya ce wani 'yantaccen bawa ne mai suna Efiketus, wajen shekara 300 kafin Agustin. Ni abin da na lura da shi a labarin nan shi ne kusan kowa a cikinsa mai laifi yake nema. Da farko don alƙali ya samu wanda zai hukunta, daga baya kuma don a wanke Ubangiji daga zargin mugunta.

Girkawan farko sun daɗe suna yanke hukunci ba tare da wannan ra'ayi ba. A waƙar Iliyad ta Homa, Sarki Agamemnon ya ƙwace wa jarumi Akilis baiwarsa, rigimar ta jawo wa rundunar Girkawa asarar rayuka masu yawa. Da ya tashi neman sulhu, sai ya ɗora alhakin a kan babban gunkinsu Ziyus da ƙaddara, wai su suka rufe masa ido. Amma a wannan zaman ya biya diyya, har da dawaki 12 da manyan tukwane 20 da zinariya, ya kuma mayar da yarinyar. Akilis ya karɓi uzurin, ya karɓi kayan, babu wanda ya ga cin karo tsakaninsu. Sokratis kuwa, wanda aka kashe a 399 kafin Miladiyya, cewa ya yi babu mai aikata ɓarna da saninsa, jahilci ne ke sa mutum ya ga mugun abu ya ɗauka alheri ne.

Aristotil (384 zuwa 322 kafin Miladiyya) shi ne ya fara zama ya tsefe maganar, kuma da idon alƙali ya dube ta. A kashi na uku na littafinsa na ɗa'a ya ce abu biyu ne ke fitar da mutum daga zargi: tilas da rashin sani. In guguwa ta ɗauke ka ta kai ka inda ba ka nufa ba, ba kai ka je ba. In ka ba mutum magani don ya warke, ashe ajalinsa ne a ciki ba ka sani ba, kana da uzuri. Duk abin da ya saura, wanda tushensa daga cikinka yake kuma ka san abin da kake yi, naka ne. Daga nan ya kawo masu sarƙaƙiya. Ga matuƙin jirgin ruwa, hadari ya taso, ya zubar da kayan fatake a teku don jirgi ya tsira. Da son ransa ya yi ko dole ce? Aristotil ya ce gauraye ne, amma ya fi kusa da son rai, domin hannunsa ne ya ɗaga kayan, kuma a wannan sa'a abin da ya zaɓa ke nan. Ga mashayi da ya yi ta'adi cikin maye ya ce bai san ya yi ba. An yi wani mai mulki a birnin Mitilini, Fitakus, da ya kafa dokar ƙara wa irin wannan nauyin hukunci, Aristotil kuma ya ga hikimarta, tunda shi ya jawo wa kansa rashin sanin.

To wanda mugun hali ya riga ya zame masa jiki fa, har ba ya iya bari? Mu mukan ce hali zanen dutse. Aristotil zai yarda, amma zai ƙara da cewa mai halin ne ya riƙe ƙusar da aka yi zanen, yau kaɗan gobe kaɗan. Nasa misalin shi ne mai jifa: da dutse ya bar hannunsa ba ya iya kiransa ya dawo, amma jifan nasa ne. A duk bayanin nan ba za ka ga wani iko na daban a cikin rai ba, mai tsayawa tsakanin hankali da sha'awa yana zaɓar wanda zai bi. Akwai hankali, akwai sha'awa, akwai sabo, wanda ya fi ƙarfi shi ke rinjaye.

Wanda sarƙar sanadi ta fara tsoratarwa shi ne Abikur, mai makarantar lambu a Atina. Ya karɓi ra'ayin Dimokiritus cewa komai, har da ran mutum, ƙwayoyin zarra ne da ke yawo a sarari. Amma ya ƙi yarda da tilas ɗin da ke biye, ya ce gara tatsuniyoyin gumaka, tunda su ana iya roƙonsu, da dolen da ba ta jin magiya. Maganin da makarantarsa ta kawo, kamar yadda mawaƙin Rum Lukiretiyus ya ruwaito, shi ne wai lokaci-lokaci ƙwayar zarra takan ɗan goce daga hanyarta haka kawai, sarƙar ta tsinke. Marubucin Rum Sisero ya yi wa wannan dariya a littafinsa kan ƙaddara a shekara ta 44 kafin Miladiyya, ni ma ina bayansa. In wata ƙwaya ta goce a cikin kaina ba gaira ba dalili har na mari wani, ai ban fi wanda aka riƙe wa hannu iko da marin ba.

Gwanin fagen nan a wurina shi ne Kirisifus, shugaba na uku a makarantar Zeno, wadda mabiyanta ake kira Sitokiyawa. An ce ya rubuta littattafai sama da 700, ko ɗaya bai iso mu cikakke ba. Abokan hamayya sun ɗana masa tarko da hujjar da aka laƙaba wa suna hujjar malalaci: in an ƙaddara za ka warke, ko ka kira likita ko ba ka kira ba za ka warke, in an ƙaddara za ka mutu haka nan, to me ya kai ka wahalar kiran likita? Kirisifus ya ce akwai abubuwan da tare ake ƙaddara su. In an ƙaddara gwarzon kokawa Milo zai yi kokawa a wasannin Olimfiya, to an ƙaddara masa abokin karawa, don mutum ɗaya ba ya kokawa. Warkewa da kiran likita tare suke. Mai karatu Musulmi zai tuna yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, aka tambaye shi ko ƙaddara yake gudu, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddara take.

A kan alhaki kuma sai ya kawo misalin mulmulallen gungume da katantanwa. Ka tura gungume, zai mirgina. Ka murza katantanwa, za ta yi ta juyi a wuri ɗaya. Turin daga waje ya zo, amma irin motsin daga siffar kowannensu yake. Haka mutum yake: abin da ido ya gani shi ne turin, amincewar da zuciya ta ba shi kuwa daga halin mai zuciyar ta fito. Mutum biyu su tsinci jakar kuɗi ɗaya, wannan ya yi cigiya, wancan ya soke ta a aljihu. Saboda haka aikin naka ne, ko da yake ba za ka iya yin wani daban ba, tunda kai ne kai. Har yau masana falsafa da yawa a kan wannan turba suke. Amma tambayar bawa tana nan daram: wa ya sassaƙa gungumen ya zama mulmulalle?

Efiketus bawa ne na gaske. An haife shi wajen shekara ta 50 Miladiyya a Hirafolis, cikin Turkiyya ta yau, aka kai shi Rum yana hannun Efafroditus, sakataren Sarki Nero. Gurgu ne kuma. Bayan an 'yanta shi ya shiga koyarwa, har Sarki Domitiyan ya kori masana falsafa daga Rum, ya koma Nikofolis ta Girka ya buɗe makaranta. Bai rubuta komai ba, almajirinsa Ariyan ne ya rubuta darussan. Mutumin da aka taɓa mallaka ya san abin da za a iya ƙwacewa: jiki, dukiya, iyali, suna, gari. Abu ɗaya ya ce ya rage, shi ne ikon amincewa ko ƙin amincewa da abin da ya bijiro wa zuciya. Azzalumi zai iya sa wa ƙafa mari, amma wannan iko ko Ziyus bai isa ya murƙushe shi ba. A nan Frede ya ga mafarin. Sai dai 'yancin da Efiketus yake nufi sai an sha horo ake samunsa, kuma 'yan ƙalilan ke kaiwa. Sauran jama'a, har da sarakuna, bayin kwaɗayi da tsoro ne a ganinsa.

Wajen shekara ta 200 wani malamin falsafar Aristotil, Iskandar na Afrodisiya, ya rubuta littafi kan ƙaddara ya sadaukar ga Sarki Seftimiyus Seferus da ɗansa Karakala. Ya ce ba za a kira aiki naka ba sai in a daidai wannan hali, komai bai canza ba, kana da ikon yin kishiyarsa. Masaniyar falsafa Susanne Bobzien ta nuna a 1998 cewa a nan muhawarar ta ɗauki kamannin da muka san ta da su yau. Daga baya an fassara littattafan Iskandar da dama zuwa Larabci a Bagadaza, shi ya sa sunansa ya yawaita a rubuce-rubucen su Ibn Rushd.

Ana cikin haka Kiristanci ya shigo da kaya masu nauyi. Ga Allah ɗaya, mai iko duka, mai adalci, wanda ya halicci komai, kuma zai tara mutane ranar shari'a. Bagirke zai iya cewa gumaka sun yi son zuciya ya wuce abinsa, Kirista ba shi da wannan ƙofa. Yahudawa ma sun riga sun rabu a kai. Marubucin tarihinsu Yusufus ya ce Sadukiyawa sun kore ƙaddara gaba ɗaya, Isiniyawa sun miƙa mata komai, Farisiyawa suka raba biyu. Littafi Mai Tsarki kansa yana ɗauke da nassoshin ɓangarorin biyu. Akwai inda aka shimfiɗa wa mutum rai da mutuwa aka ce ya zaɓa. Akwai kuma Littafin Fitowa, inda aka ce Allah ne ya taurare zuciyar Fir'auna, da sura ta 9 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, inda aka fifita Yakubu a kan Isuwa tun suna ciki, aka kuma kwatanta mutum da yumɓu a hannun maginin tukwane.

Malaman Kirista na ƙarni na 2 da na 3 kusan duk ɓangaren zaɓi suka riƙe, saboda abokan gabar da ke gabansu. Na farko masu duban taurari ne, waɗanda kasuwarsu ke ci daga fada har tsakar gida. Na biyu wasu ƙungiyoyi ne a cikin Kiristancin, irin mabiya Balentinus, da aka ruwaito suna cewa mutane iri uku aka halitta, wasu tsirarru ne tun asali, wasu halakakku. Jastin, mutumin Nablus wanda ya fara karatunsa a hannun wani Basitoke, ya rubuta wa Sarki Antoninus wajen 155 cewa in komai ƙaddara ce, babu nagari babu mugu, yabo da zargi duk sun faɗi. Hujjar da ta fi burge ni ta Bardaisan ce, mutumin Edesa, wato Urfa ta Turkiyya, wanda ya rasu a 222. Cewa ya yi a dubi al'adun ƙasashe. Yahudawa suna yi wa 'ya'yansu kaciya rana ta takwas ko a ina suke, Barahamawan Indiya ba sa cin nama, alhali ba tauraro ɗaya ya haife su duka ba. Ashe doka da tarbiyya sun fi tauraro ƙarfi. Abin lura shi ne mutanen nan sun ɗauki abin da Efiketus ya keɓe wa masu hikima suka raba wa kowa, bawa da ɗa, mace da namiji, domin kowa zai tsaya gaban shari'a.

Orijen na Iskandariya ya rubuta bayani mafi tsawo kan batun kafin shekara ta 231, da kayan aikin Sitokiyawa a hannunsa. Bai kauce wa Fir'auna ba. Ya ce rana ɗaya ce ke narkar da kakin zuma, ita ce kuma ke busar da laka ta yi tauri, zafin bai bambanta ba. Mu'ujizar da ta tausasa zukatan wasu Misirawa har suka bi Annabi Musa, ita ce ta ƙara wa Fir'auna taurin kai. Da ya zo kan Yakubu da Isuwa kuwa, don kada a ce Allah ya yi son kai, sai ya ce rayuka sun yi zaɓi tun kafin su shigo duniya. Wannan ya yi nisa, kuma yana cikin ra'ayoyinsa da aka la'anta a ƙarni na 6, zamanin Sarki Jastiniyan.

Sai Agustin, wanda babbar makarantar horar da limaman Katolika da ke Jos take ɗauke da sunansa. An haife shi a 354 a Tagaste, wato Suk Ahras ta Aljeriya. Ya yi shekara 9 yana bin addinin Mani, mai cewa duniya fagen yaƙi ce tsakanin haske da duhu. Da bakinsa ya faɗi abin da ya riƙe shi a can: daɗin jin cewa ba shi ke yin zunubi ba, wani baƙin abu ne a cikinsa. Ya kuma yi duban taurari, har wani abokinsa Firminus ya ba shi labarin yadda aka haife shi a sa'a ɗaya da ɗan wata baiwa, taurarinsu ɗaya, shi ya yi arziki, wancan yana nan cikin bauta. Bayan an yi masa baftisma a Milan a 387, sai ya juya kan tsofaffin abokansa mabiya Mani. Littafinsa kan 'yancin zaɓi, wanda ya fara a Rum a 388 ya gama a Hippo wajen 395, da tambaya ɗaya ya buɗe: shin Allah ne ya ƙagi mugunta? Amsarsa ita ce mugunta ba halitta ba ce, juya baya ne da nufin mutum ke yi daga babban alheri zuwa ƙarami, kuma babu wani sanadi a bayan nufin sai shi kansa.

Da nan ya tsaya, da labarin ya ƙare lafiya. Amma wajen 396 wani dattijo daga Milan, Simfilisiyan, ya aiko masa da tambayoyi kan sura ta 9 ta Romawa. Agustin ya zauna da nassin ya fito da wani ra'ayi daban. A ƙarshen rayuwarsa ya ce ya yi ta fafutukar kare zaɓin ɗan Adam, amma alherin Allah ya kayar da shi. Nassi kaɗai bai isa ya bayyana sauyin ba, mutumin ya san kansa. A littafinsa na iƙirari ya ba da labarin yadda, yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka kakkaɓe 'ya'yan itacen wani maƙwabci cikin dare. Ba yunwa suke ji ba, yana da waɗanda suka fi su a gida, aladu suka zuba wa. Haramcin ne kawai ya yi musu daɗi. Sokratis ba shi da wurin ajiye irin wannan, domin yaron ya san ɓarna ce, saboda ɓarnar ma ya yi. Ya kuma faɗi yadda ya yi shekaru yana son barin neman mata, yana roƙon Allah ya ba shi kamun kai amma ba yanzu ba. Zuciya ta umarci hannu ya motsa nan take, ta umarci kanta kuma ta ƙi. Daga nan ya yanke cewa zaɓi yana nan, amma tun faɗuwar Adamu ya zama majinyaci. Mutum yana zaɓar abin da yake so, sai dai ba shi da ikon sauya abin da yake so, in ba Allah ya sauya masa ba. Kuma Allah yana yi wa wanda ya ga dama.

A Rum akwai wani mai gudun duniya daga Birtaniya, Pelajiyus, da ke wa'azi a gidajen manya. Malamin nan Jerom, mai kaifin harshe, ya taɓa yi masa gorin cewa kunun ƙasarsu ne ya yi masa nauyi a ciki. Wata rana wani bishop ya karanta addu'ar Agustin a gabansa, inda yake roƙon Allah ya fara ba shi ikon yin abin da zai umarce shi, sannan ya umarci duk abin da ya so. Pelajiyus ya harzuƙa. Yana kallon attajiran Rum suna sheƙe ayarsu suna cewa ɗan Adam mai rauni ne, ga wani bishop daga Afirka ya ba su abin fakewa. Matsayinsa a fili yake: Allah mai adalci ba zai umarci abin da ba za a iya ba, kowane jariri da tsarkinsa ake haihuwarsa, abin da Adamu ya bar mana mugun misali ne kawai. Har ya riƙa jawo tsohon littafin Agustin yana kafa hujja da shi. Kada dai a ɗauka Pelajiyus mai sassauci ne. In kana iya zama marar zunubi, to ba ka da uzuri ko ɗaya.

Da mayaƙan Gotawa suka ci Rum a 410, Pelajiyus da almajirinsa Selestiyus suka gudo Afirka ta Arewa, rigimar ta iso ƙofar gidan Agustin. Sauran labarin siyasa ce. Wata majalisar bishop-bishop a Lidda ta Falasɗinu ta wanke Pelajiyus a 415, Fafaroma Zosimus ma ya wanke shi a 417. Mutanen Afirka suka ƙi, suka bi ta fada. A ƙarshen Afrilu 418 Sarki Honoriyus ya ba da umarnin korar Pelajiyus da mabiyansa daga Rum, ranar 1 ga Mayu bishop-bishop sama da 200 suka la'anci koyarwarsa a Kartaj, Fafaroma ya bi sahu. Daga cikin 'yan Italiya da suka ƙi sa hannu akwai wani matashin bishop, Juliyan na Ekilanum, wanda ya yi zargin cewa da dawakin Numidiya 80 aka sayi manyan fada. Agustin ya ce ƙarya ce.

Juliyan ne ya taɓa inda ke ciwo. A nan mai karatu Musulmi ya yi hattara, kada ya yi saurin cewa wannan ai rigimar Jabariyya da Ƙadariyya ce. Akwai kama, amma a tsakiyar ta Kirista akwai abin da babu shi a aƙidar Musulunci, wato zunubin gado. Agustin ya ce kowa da laifin Adamu ake haihuwarsa, shi ya sa ake yi wa jarirai baftisma, kuma jaririn da ya mutu ba a yi masa ba yana cikin hukunci, ko da yake mafi sauƙi. Juliyan ya ce wane irin alƙali ne zai hukunta wanda bai taɓa zaɓar komai ba? Ya ce Agustin bai taɓa barin addinin Mani ba, riga kawai ya sauya. Abin mamaki, ra'ayin da aka gina don a wanke Allah daga zalunci ya zagayo ya tsaya a kan jariri.

Ko a cikin gida maganar ba ta zauna ba. Wajen 426 wasu sufaye a Hadrumetum, wato Susa ta Tunisiya, suka karanta wata wasiƙar Agustin, sai wasunsu suka ce to shugabansu ya daina tsawata musu in sun yi laifi, addu'a kawai zai yi musu, tunda gyaruwa kyauta ce daga sama. Dole tsoho ya rubuta musu littattafai biyu, a na biyun yana bayanin cewa tsawatarwar ma tana cikin hanyoyin da alherin ke bi ya iso, amsar da Kirisifus zai gane nan take. Agustin ya rasu ranar 28 ga Agusta 430 a Hippo, wato Annaba ta yau, mayaƙan Bandalawa sun kewaye garin, martaninsa na ƙarshe ga Juliyan bai kammala ba. A 529 majalisar Oranj ta Faransa ta karɓi cewa alherin Allah ne ke fara motsa zuciya, amma ta la'anci duk mai cewa Allah ya ƙaddara wa wani aikata mugunta. Wutar ta sake tashi tsakanin malaman Kirista Erasmus da Luta a 1524 da 1525, kuma har yau tana cikin abin da ya raba ɗarikun Kirista.

In aka tambaye ni, Agustin ya fi Pelajiyus sanin mutum. Duk wanda ya taɓa ganin mai shaye-shaye yana kuka yana rantsuwa da safe, da yamma ya koma, ya san cewa faɗa wa mutum yana iyawa ba ya sa ya iya. Amma a kan adalci Juliyan ne da gaskiya, kuma Agustin bai ba shi amsa mai gamsarwa ba. Cocin Katolika ma bai zauna a kan matsayin Agustin game da jarirai ba. Malaman ƙarnonin tsakiya sun ware musu wani matsayi da babu azaba a cikinsa, sannan a Afrilu 2007 kwamitin malaman tauhidi na Batikan, da amincewar Fafaroma Benedict na 16, ya fitar da takarda mai cewa akwai ƙwararan dalilan fatan tsira ga jaririn da ya mutu ba a yi masa baftisma ba.